Ranar da Na Kwance wa Ladabi Igiya a Fadamar Gwaram

Tashi daga Birnin Kudu

Ranar wata Asabar bayan an gama girbin dawa, da ƙarfe biyar da rabi na asuba, na fita daga gidana a Birnin Kudu tare da 'yata Saratu, wadda take aikin jinya, da kuma Ladabi, kwikwiyon da nake kiwo, mai wata shida da haihuwa. Ƙarfe biyar na ce za mu tashi. Rabin sa'ar da ta ƙaru wajen neman mayafin Saratu ta tafi, kuma na gaya mata haka tun kafin mu rufe ƙofa.

Ya kamata in bayyana dalilin tafiyar tun da fari, domin ba na son labarin da mai karatu zai shiga bai san inda aka dosa ba. Bayan rasuwar maiɗakina Hannatu, wani ɗan'uwa a ikilisiya, wato cocinmu, ya kawo mini kwikwiyon nan, ya ce zai tsare mini gida. Ban nema ba, amma da yake ya shigo hannuna, sai na yi masa tarbiyya yadda ta dace. Yana da lokacin ci, da lokacin wanka, da wurin kwana. Yana ɗaure da igiya gaba biyu a gindin darbejiya, bai taɓa taka waje ba, domin maƙwabtana masu sallah ne, kuma ba zan bar kare ya shiga musu tabarma ba.

Saratu ba ta yarda da wannan tsari ba. Ta ce karen da ya girma a ɗaure mugunta yake koya, kuma in ya yi ƙarfi wata rana zai fizge ni in faɗi, ga shi gwiwoyina sun riga sun gaji. Ba tare da ta shawarce ni ba, ta yi magana da Garba, wani mafarauci a bayan garin Gwaram, wanda na koyar da shi har aji huɗu kafin ya bi sana'ar mahaifinsa. Garba ya ce yana so. Ni kuwa na ce karen da na hora, in na kira shi, zai zo. Saratu ta amsa mini da cewa karen da ke kan igiya gaba biyu ba shi da wurin zuwa sai wurin mai kiransa. Na nemi kuskure a maganar nan, ban samu ba.

Saboda haka muka yi yarjejeniya. Za mu kai Ladabi fadamar da mafarauta suke sakin karnukansu bayan kaka don su motsa jiki. Za a kwance shi a cikinsu. In na kira shi ya dawo, zai koma gida tare da ni. In bai dawo ba, ya zama na Garba.

Kayan da na ɗauka kaɗan ne: sandata, takardar allurar rigakafin karen, curin tuwo da ɗan ƙashi a ƙunshe cikin leda, sai ƙararrawa. Ƙararrawar ta tagulla ce, ta makarantar mishan da na yi karatu a cikinta, daga baya kuma na shugabance ta. Ita aka ba ni ranar da na ajiye aiki. Hannatu takan kaɗa mini ita in abinci ya sauka. Da ta rasu, ƙararrawar ta yi shiru a kan kabad, har Ladabi ya zo. Tun daga ranar farko nake kaɗa masa ita sau uku kafin in ajiye masa kwano, kuma ban taɓa kaɗa ta ba tare da abinci a hannuna ba. Don kada girgizar mota ta sa ta yi ƙara ta yi wa karen ƙarya, na naɗe harshenta da tsumma tun jiya da yamma, na ƙulle da irin ƙullin da aka koya mana muna 'yan sikawut, wanda ba ya kwancewa da kansa.

A tasha

Mun isa tasha gari bai gama wayewa ba. Direbobi biyu na ƙananan motoci suka ƙi ɗaukarmu, suka ce fasinjoji ba za su zauna da kare ba, tufafinsu na sallah ne. Ban ji haushi ba, domin sun faɗi dalilinsu a fili kuma cikin ladabi. Na uku mai akori-kura ne, wani dattijo da ake kira Alhaji Sani, zai kai buhunan wofi Sara. Ya leƙa cikin babban kwandon kaji da na sa Ladabi a ciki, ya daɗe yana kallo.

"Baba, shi wannan fasinjan naka yana biyan kuɗin mota?"

"Yana biya," na ce masa, "kuma ba ya neman ragi."

Ya yi dariya, ya ce a ɗora kwandon a baya. Ya so in zauna a gaba saboda sanyi. Na ƙi. Na hau baya na zauna a kan buhuna kusa da kwandon, Saratu ta bi ni tana gunaguni, tana lulluɓa mini bargo a gwiwa kamar majinyaci. Muka bar duwatsun Birnin Kudu a bayanmu rana tana fara leƙowa ta tsakaninsu.

Shingen hanya bayan Kangire

Ladabi bai taɓa shiga mota ba. Da farko ya yi ta kuka yana tona gindin kwandon, sai na zura yatsuna biyu ta tsakanin saƙar, ya kwantar da kai a kansu ya yi shiru. Haka muka tafi, hannuna ya yi tsami, ban cire ba. Saratu ta gani, ta kau da kai.

Bayan mun wuce Kangire muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani kofur ya zagayo baya ya tambayi abin da ke cikin kwando. Na miƙa masa takardar rigakafi a cikin ambulan. Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya mayar mini da hannu biyu, sa'an nan ya ce wa abokin aikinsa tun da ya fara tsayuwa a hanyar nan bai taɓa ganin karen da takardunsa suka fi na motar da ta ɗauko shi cika ba. Alhaji Sani ya leƙo ta taga ya ce a yi masa rai, motar ta girmi karen da shekara talatin. Aka ɗage mana shinge.

Sara

A Sara tafiyar Alhaji Sani ta ƙare. Muka sauka a bakin kasuwa, muka karya kumallo da koko da ƙosai a wurin wata mata mai tsabta ƙwarai, abin da na yaba mata a kai. Ladabi ya yi amai a hanya. Na fito da shi bayan rumfuna, nesa da masu abinci, na wanke kwandon da ruwan da na sayo, na ba shi ruwa ya sha. Abinci kam ban ba shi ba, ko da Saratu ta ɓallo masa ƙosai. Lokacin cinsa bai yi ba, kuma ba a kaɗa ƙararrawa ba.

Daga nan muka yi shatar babur mai ƙafa uku zuwa Gwaram. Gonaki sun yi fayau a dama da hagu, an tara kara tsibi-tsibi, shanu suna kiwo a cikin saura. Muna cikin tafiya Saratu ta juyo.

"Baba, in bai dawo ba, ba za ka yi gardama ba ko?"

"Kin taɓa jin na karya alkawari?"

Ta ce ba ta taɓa ji ba, kuma shi ya sa take jin tsoro. Ta ce ba don ta raba ni da karen take yi ba, don kada wata rana a kira ta a waya a ce an tsince ni a ƙasa. Na ce na gane. Na yi ta tunanin gindin darbejiyar nan babu kowa, da ƙararrawar ta koma kan kabad. Ban ji daɗin tunanin ba, sai na bar shi.

Gidan Garba

Hantsi ya ɗaga sa'ad da muka isa. Gidan Garba yana can ƙarshen gari, inda hanyar mota ta ƙare ta zama turba. Ya fito da gudu, furfura ta cika masa gemu, amma ya durƙusa har ƙasa yana cewa, "Sannu da zuwa, Hedimasta." Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura da nono mai sanyi. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar Hannatu karo na biyu, ya tuna mini yadda takan ba su gyaɗa in sun share filin makaranta.

Sai ya ce a fito da baƙon. Ya ɗaga ƙafafun Ladabi ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ƙirjinsa da haƙoransa, ya ce wannan karen zomo ne, ɓata shi ake yi a gindin bishiya. Ya nuna mini wata 'yar bukka da ya riga ya gyara masa a bayan gida, har da sabon kasko na ruwa. Na ce masa ya yi gaggawa.

Kafin mu fita ya gaya mini ƙa'idarsu game da sabon kare, na kuwa saurara, domin wanda ya shiga makarantar wani dokar makarantar yake bi. Mai kare shi ne zai kwance igiya da hannunsa. In manyan karnuka suka kayar da sabon, ba a tsoma baki, haka suke karɓar baƙo. Sa'an nan kira ɗaya ake yi. Wanda aka kira sau ɗaya bai juyo ba, mafarauta sukan ce ya zaɓi garke, kuma mai garken ne ubangidansa. Na ce na amince, Saratu ta zama shaida.

Fadama

Tafiyar ƙafa ce kaɗan daga gidan. Fadamar fili ce mai faɗi, an girbe shinkafa, ƙasa ta tsage, ga ragowar ruwa kududdufi-kududdufi a kwarin rafi. Can ƙetare akwai tudu da 'yan itatuwan kanya, inda awakin mutanen gari suke kiwo. Mafarauta huɗu ko biyar suna zaune a inuwa, karnukansu sun fi goma, sirara masu dogayen ƙafafu, suna zagaya filin ba igiya ba sarƙa. Garba ya gargaɗe ni cewa abu ɗaya ne ba a yafe wa kare a nan, wato bin akuya. Wanda ya fara, ba ya bari, kuma mutanen gari ba za su ƙyale shi ba.

Na sunkuya na kwance igiyar daga wuyan Ladabi, na naɗe ta na sa a aljihu. Bai motsa ba. Ya dube ni, ya shinshina ƙasa, sa'an nan ya fara zagaya ni a hankali. Na lura da abin da yake yi kafin kowa ya lura: yana tafiya gaba biyu daidai, ya tsaya, ya juya, kamar igiyar tana nan a wuyansa. Ya zagaya ni sau uku a haka. Saratu ta dube ni. Abin da ya wajaba a faɗa shi ne, a wannan wurin gaskiya tana wajenta.

Wata tsohuwar karya mai yagaggen kunne, wadda Garba ya ce ita ce uwar garken, ta taho a hankali. Ta shinshine shi daga kai har wutsiya, ta sa ƙirji ta ture shi ya faɗi rigingine yana ƙara. Ban san lokacin da sandata ta tashi sama ba. Garba ya riƙe bakin sandar.

"Hedimasta, ka yi alkawari."

Na sauke. Karyar ta tsaya a kansa ɗan lokaci, sai ta lashe masa kunne ta yi gaba. Ladabi ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya bi ta. Ya kai iyakar gaba biyun nan ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya waiwaye ni. Ban kira shi ba. Ya ajiye ƙafar a waje.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Karen da na sani mai natsuwa ya zama kamar yaran aji ɗaya ranar da aka ba da hutu. Bai iya gudu ba, ƙafafun baya suna wuce na gaba, ya tuntsura, ya tashi, ya sake tuntsurawa. Ya faɗa kududdufi ya fito baƙi ƙirin da taɓo, karen da na yi wa wanka jiya. Ya ja wutsiyar wani ƙato, aka kore shi, ya koma. Mafarautan suna ta dariya, ɗaya ya ce ɗan boko ya shigo gari. Saratu ma tana dariya har da share hawaye. Ni ban yi dariya ba, amma ban hana kowa ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, tun da ya fita bai sake waiwayo ni ba.

Kira ɗaya

Rana ta kusa tsakiya sa'ad da zomo ya tashi daga cikin karan shinkafa. Garken duka ya bi shi, Ladabi yana can baya yana iyakar ƙoƙarinsa. Zomon ya ƙetare rafi ya nufi tudun kanya, ya ɓace a rami. Garba ya ga sun kusa awaki, sai ya busa ƙaho. Karnukansa suka juyo gaba ɗaya kamar sojoji. Ladabi bai san ƙaho ba. Ya ga wasu dabbobi suna watsewa a gabansa, ya ɗauka sababbin abokan wasa ne, ya miƙe ya bi wata 'yar akuya fara. Wata mata a kan tudun ta fara ihu tana neman dutse.

Garba ya ce, "Yanzu ne, Hedimasta. In ya taɓa ta, ni ma ba zan iya riƙe shi ba."

Muryata ba za ta kai can ba, na san haka. Na zaro ƙararrawa daga jaka, na ɗaga, na kaɗa da ƙarfi. Ba ta yi ko ƙis ba. Tsumman da na naɗe harshenta da shi yana nan, ƙullin yana nan yadda na yi shi, cif. Na sa farce, ƙullin ya ƙi, domin an koya mana shi ne don kada ya kwance. Ɗaya daga cikin mafarautan ya ce ai an yi kira ɗaya ke nan. Garba ya ce masa kiran da kunne bai ji ba ba kira ba ne. Saratu ce ta fizge ƙararrawar daga hannuna, ta zaro ɗan almakashin da ba ta rabuwa da shi a jakarta, ta datse tsumman, ta danƙa mini.

"Kaɗa, Baba."

Na tsaya sosai, na kaɗa sau uku, a tsanake, yadda nake yi kullum a gindin darbejiya, ba sauri ba ƙari. Ƙarar ta ratsa fadamar.

Ladabi yana dab da akuyar. Ya ja birki har ƙasa ta tashi, ya ɗaga kunne. Ya dubi akuyar, ya dubi garken da ke komawa wajen Garba. Sai ya juyo. Ya gangaro tudun, ya faɗa rafi ya fito, ya ratsa ta tsakiyar karnukan nan goma sha wani abu bai kula ko ɗaya ba, har tsohuwar karyar ta kauce masa. Ya iso gabana yana haki, taɓo yana ɗiga, ya zauna a kan ƙafafun baya, ya ɗaga kai yana jira, kamar yadda aka koya masa.

Na kwance ledar, na ajiye masa tuwo da ƙashi. Na ce, "Ci." Sa'an nan ya ci.

Da na ɗago, sai na ga Garba a tsaye ƙiƙam, hannuwa a gefe, ƙafafu a haɗe, ƙahonsa a ƙasa. Ya ga ina kallonsa, ya ji kunya, ya ce wallahi da ya ji ƙarar nan sai da ya duba ko farcensa a yanke yake, kamar lokacin duba tsabta a makaranta. Mafarautan suka fashe da dariya. Na ce masa farcen ba a yanke yake ba, na gani tun a zaure. Bayan an natsu, ya juya wajen abokansa ya ce su shaida, kare ya zaɓi ubangidansa, kuma shi bai taɓa ganin kwikwiyon da ya bar akuya da garke a rana ɗaya ba. Na aika Saratu ta ba matar da ke kan tudu haƙuri, ta dawo ta ce akuyar lafiya lau.

Komawa

Mun ci tuwon shinkafa da miyar taushe a gidan Garba. Ya roƙe ni in riƙa kawo Ladabi duk bayan kaka, ya ce bukkar tana nan ta baƙo. Na karɓa. Wani maƙwabcinsa mai akori-kura zai kai buhunan shinkafa Birnin Kudu bayan la'asar, ya ɗauke mu ba tare da gardama ba. Ladabi ya yi barci a kwando tun kafin mu fita Gwaram, bai farka ba ko a Sara.

A hanya na gaya wa Saratu cewa daga yanzu kowace yamma zan kai shi bayan duwatsu, inda ba gidaje ba awaki, in kwance shi ya yi gudu. Ta ce sai dai in tafi da waya a aljihu. Na ce wannan sharaɗi ne mai ma'ana. Na kuma tambaye ta me ya sa ta yanke tsumman, alhali da ta bar ni da ƙullina da ta ci yarjejeniya. Ta ce, "Baba, kai ba ka ga fuskarka ba." Ban nemi ƙarin bayani ba.

Mun sauka a ƙofar gida ana kiran sallar magariba. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Alhaji Sani da ya ɗauki fasinjan da wasu suka ƙi, da Garba da abokan sana'arsa saboda karɓar baƙi da riƙe ƙa'ida, da kuma Saratu saboda almakashinta. Na yi wa Ladabi wanka kafin duhu, na mayar da ƙararrawa wurinta ba tare da tsumma ba.

Na kira sau ɗaya, ya dawo. Ladabi yana gidana.